Ƙwan da na jera a firji

Shekarun baya, ranar da za a kai ni ɗakina a unguwar Gidan Dare, mahaifiyata ta haɗa ni da wata kaza wake-wake. Ta ce irin kajin da tata uwar ta ba ta ne, tun lokacin ba a taɓa rasa su a gidanmu na Ƙofar Dundaye ba. Ni kuwa ko gero ban taɓa watsa wa kaza ba, rayuwata duk a makarantar kwana na yi ta. Amma ai na karanta kimiyya, ina kaza za ta gagare ni?

Mijina ya sayo zakara, ya buga mana akurki. Kazar ta fara ƙwai a tsakiyar bazara, kun dai san zafin Sakkwato. Na dubi ƙwan nan a ƙasa, duk kashi, na ce wannan dahuwa zai yi kafin a ƙyanƙyashe shi. Sai na riƙa ɗaukewa kullum, in wanke da sabulu tas, in jera a firji. Da ta fara kwanci na mayar mata da guda goma, sanyi ƙalau, ina jin kaina wata babbar likita.

Mijina ya ce, "Anya mutane haka suka yi?"

Na ce, "Kai dai sa ido."

Ya sa ido har sati huɗu. Ko tsako ɗaya ba mu gani ba, sai wari.

Ana cikin haka ciwon kaji ya shiga Ƙofar Dundaye. Mahaifiyata ta kira ni, murya a sanyaye: "Ɗiyata, duk sun mace. Taki ɗai tar rage, ki riƙe min ita da kyau." Na ce to, ban faɗa mata ɓarnar da na yi ba.

Bayan 'yan makonni kazar ta ɓace. Na leƙa gidajen maƙwabta, na duba har kwata, babu. Wallahi kuka na yi sosai, don ba kaza kawai na ɓatar ba, abin da kakata ta bari ne zai ƙare a hannuna.

Kwana biyar da ɓatan sai ga mahaifiyata ta zo ganina. Na durƙusa na faɗi komai, har da sabulun. Ta ce, "Hirji? Ƙwai mai rai kinka sa ga ƙanƙara?" Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta ce in miƙo gero da ruwa, ta watsa a tsakar gida, ta ce in zauna in kama bakina.

Hantsi na yi sai ga mutuniyar ta fito, gashi a tashe, tana ƙorafi. Ta ci a gurguje, ta sha, ta juya. Muka bi ta a hankali har ƙarƙashin tankin ruwa, inda ƙasa ke da laima. Ƙwai tara ta ɓoye a wurin. Na miƙa hannu zan ƙirga, mahaifiyata ta make ni.

"Kak ki taɓa! Ba ɓata ta yi ba, ke ta guda."

Takwas ta ƙyanƙyashe. Da suka yi ƙwari na sa huɗu a kwando, na kai gida da kaina. Mahaifiyata ta buɗe akurkinta da ya daɗe a rufe, ta zuba su, ta jima tsaye tana kallonsu.

Yanzu kajina sun cika gida, har ana zuwa neman shawara wurina. Abin da nake faɗa wa mai farawa kaɗan ne: ka ba kaza inuwa, ruwa da tsaba, ka yi rigakafi, sauran aikin ta fi ka sani. Ni abin da ya cuce ni, na ji kunyar tambayar matar da ta shekara arba'in tana kiwo, don kawai ba ta je boko ba. Wannan kunyar ce har yau nake jin kunyarta.