Sautin Ya Fita Tas

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina tafinta a cocinmu, kuma in ban da mura ba abin da ya taɓa hana ni tsayawa gefen mai wa'azi. Ranakun aiki ina koyar da yara a firamare. Ranar Lahadi kuwa in karɓi Turancin baƙo in juya shi Hausa, saboda tsofaffinmu da matan da suka zo daga ƙauyukan kudancin jiha. Kowa da yarensa a gida, amma a coci Hausa ce ke haɗa mu. Aikin yana da ƙa'idar da na gada daga dattijon da ya koya mini: ba ka ƙarawa, ba ka ragewa, kuma ba ka cewa "ya ce". In mai wa'azi ya ce "ni", kai ma "ni" za ka ce. In ya ɗaga hannu ka ɗaga, in ya taka ka bi shi. Ina ji da kaina a wannan aiki fiye da kima, gara in faɗa tun yanzu.

Lasifikar cocin, wadda ke ɗaure a saman ƙofa tana kallon titi, wani Kanuri ne ke gyara mana ita. Yana da ɗan shagon gyaran rediyo a unguwar Hausari. Ni nake kai masa, ni nake karɓowa, kuma daga nan abota ta ƙullu. Ina ce masa Injiniya don tsokana, shi kuma Ticha yake ce mini. In na tashi daga makaranta na kan biya ta shagon, mu sha shayi yana liƙe waya, ina gyara masa Hausa. Har gobe bai san bambancin mace da namiji a magana ba. Sai ya ce, "Ticha, lasifikar nan ya tsufa kamar kai." In ce masa ta tsufa ake cewa. Ya ce ko ya ko ta, tsufan dai yana nan.

Yana da wata ɗabi'a. Duk lokacin da ya yi gyara, sai ya zo ranar Lahadi ya tsaya tsallaken titi, gindin dogon-yaro, ya saurara. Ba ya shiga, ba wanda ya taɓa ce masa ya shiga. Ya ce shi ba ruwansa da abin da muke faɗa, sauti yake ji. In an tashi sai in tsallaka in karɓi rahoto: ko dai ya ce tana kuka, in mayar masa da ita, ko ya ce sautin ya fita tas.

Da gari ya rikice, tsayawa kusa da coci ranar Lahadi ya zama kasada ga mutum irinsa. Soja na iya zarginka, waɗancan kuma, da ba ma kiran sunansu sai dai mu ce "yaran", na iya sa maka ido. An hana mata shiga coci da jaka, an jera duro cike da yashi a bakin titi. Na ce masa ya daina zuwa. Ya ce to wa zai ji masa aikinsa? Ya ci gaba da zuwa, har ma da gora a hannu, yana taya samarin unguwa tsaro. Ban taɓa yi masa godiya yadda ta kamata ba, don a tsakaninmu godiya nauyi gare ta.

Wata rana da la'asar, yana kan aiki bai ɗago kai ba, ya ba ni labarin ƙanensa. Tun kafin a fara harbi, lokacin da yaran suke masu wa'azi kawai a filaye, shi ne ya kan gyara musu lasifika. Ya kan je ya tsaya ya ji sauti, kamar yadda yake yi mana. Ƙanen ne ke raka shi yana riƙe masa kaya. Shi yana sauraren sauti, ƙanen yana sauraren magana. Suna cewa gwamnati ta lalace, ba abin da zai gyara ƙasa sai an yi mulki da littafin Allah, wanda ya ƙi kuma ba namu ba ne. Wata safiya aka wayi gari ƙanen ya bi su, kuma ko gawarsa danginsa ba su gani ba. Ya gama ba ni labarin ya hura hayaƙin dalma, ya ce in miƙo masa sukurdireba.

Tsohon fastonmu mutum ne mai taurin kai a kan abu ɗaya. In ɗan siyasa ya zo coci, ko da motoci nawa, benci zai zauna kamar kowa, kuma ba zai taɓa makirufo ba. Na taɓa ganin wani ya miƙo hannu, Fasto ya mayar da makirufon bayansa yana murmushi. Ya kan ce mana mu 'yan tsiraru ne a nan, kuma abin da ke kare ɗan tsiraru shi ne gwamnatin da ba ta tambayar kowa inda yake sujada. Ranar da muka nemi a yi mulki da namu littafin, mun sa hannu a yi da na wasu. Dattawa na gunaguni, ana cewa tsoro gare shi. Hawan jini ya ɗauke shi a tsakiyar rikicin, muka binne shi da sauri saboda dokar hana fita.

Ba zan yi wa mutanenmu ƙarya ba, sun sha wuya. Cocin ya cika da waɗanda aka kora daga ƙauyukansu, suna kwana a azuzuwan makarantar Lahadi. Akwai matar da ta ga an yanka mijinta. Akwai waɗanda aka ƙona musu majami'a, takardar neman izinin sake gini ta yi ta kwana a kan teburin wani. Ni kaina ɗan yayata ya tafi gona bai dawo ba. Mutum a irin wannan hali, in ka ce masa ya yi haƙuri, kallon da zai yi maka ya ishe ka. Don haka da zaɓe ya matso, aka ce dattawa sun gayyato baƙon mai wa'azi daga nesa, ban yi mamakin yadda aka cika ba. A makon ne lasifikar ta lalace, na kai wa Injiniya, ya kwana biyu a kanta.

Baƙon dogo ne, da farar kwat, kuma ya iya magana. Wannan ba zan hana shi ba. Ya fara da ta'aziyya, ya kira sunayen garuruwanmu ɗaya bayan ɗaya, yana karya su da harshensa, ina miƙe masa su. Mata suka fara kuka. A bencin gaba, inda dattawa ke zama, na ga wani ɗan takara zaune da mutanensa, an ajiye masa ruwan gora.

Sai ya shiga maganar mulki. A Turancinsa kalmomi biyu yake amfani da su, ɗaya ta mulkin sama, ɗaya ta gwamnati, yana tsalle daga wannan zuwa waccan. A Hausa kuwa duka biyun mulki ne. Kalmar da muke roƙo da ita kowace Lahadi, ita ce dai kalmar da 'yan siyasa ke kashe juna a kanta. Ya ce lokaci ya yi da 'ya'yan Allah za su karɓi gwamnati. Na ɗan yi jim, na ce lokaci ya yi da mulkin Allah zai sauka a zukatanmu. Ya ce raba coci da gwamnati dabarar Shaiɗan ce. Na ce kada mu bar Shaiɗan ya raba mu da addu'a domin shugabanni. A shekara ashirin da ɗoriya, ranar ce na fara yi wa mai wa'azi sata.

Wani dikin, cikin masu hidimar coci, ma'aikacin banki da ya ji Turanci, ya miƙe daga tsakiyar jama'a.

"Baba Ticha, da girmanka, ba haka ya faɗa ba."

Baƙon ya tambayi abin da ke faruwa, aka raɗa masa. Ya juyo ya dafa kafaɗata, ya ce a makirufo, wai ko tafintan ma tsoro ya kama shi? Aka yi dariya. Kuma dole ni na fassara wannan ma, da bakina na ce, "Ko tafintan ma tsoro ya kama shi?" Dariyar ta ƙaru.

Na sha gaya wa kaina cewa tilasta mini aka yi. Ba gaskiya ba ne. Ba wanda ya riƙe ni, da na ajiye makirufon na sauka. Dariyar ce ta ƙona ni. Ni da ba a taɓa kama ni da kuskuren kalma ba, yau wani yaron banki ya gyara ni a gaban matata. Na ce a raina, to bari ku ji tafinta.

Ya ce, na ce. Ni na ce muku wannan ƙasa ta Ubangijinmu ce, kuma da littafinsa za a mulke ta. Ni na ce muku duk wanda ya jefa ƙuri'a ga wanda ba namu ba, kada ya kusanci teburin Jibin Ubangiji. Ni na ce muku ba mu da maƙwabci sai wanda ya durƙusa inda muke durƙusawa. Turancinsa bai kai Hausata zafi ba, wannan kowa ya shaida. Inda ya sa kalma ɗaya mai sanyi, na nemo wadda ke da kaifi. Yana takawa ina binsa, yana ɗaga hannu ina ɗagawa. In ya yi magana rabin coci ne ke amsawa, in na yi tawa ginin gaba ɗaya ke ɗauka. Na ji daɗin abin, kuma wannan ne ya fi damuna har yau. Daga ƙarshe ya kira ɗan takarar, ya karɓi makirufon daga hannuna ya ba shi.

Sai da aka yi addu'ar rufewa na tuna cewa lasifikar titi take kallo. Mutanen unguwa ba sa jin Turanci. Ba su ga farar kwat ba, ba su san an yi baƙo ba. Muryar da suka sani shekara da shekaru, muryar malamin da ya koyar da 'ya'yansu, ita suka ji tana cewa "ni".

Yana nan gindin dogon-yaro, gorarsa jingine da itacen. Mutane suna fitowa suna riƙe hannuna, wata tsohuwa ta ce yau na yi aikin Allah. Na tsallaka titin, na gaishe shi da yarensu.

"Wushe, Injiniya."

"Wushe."

"Baƙo aka yi. Ka san aikin tafinta, abin da aka faɗa kake faɗa."

Ya ɗaga kai ya dubi lasifikar. Na rasa abin yi, sai na yi tambayar da na saba.

"Yaya aikin naka?"

"Sautin ya fita tas, Ticha," ya ce. "Ko kalma ɗaya ban rasa ba."

Ya ɗauki gorarsa. Har ya juya, sai ya tsaya.

"Wancan karon sauti kawai na ji, ƙanena ya ji magana. Tun daga nan nake jin duka biyu. Wannan maganar na taɓa jin ta. Littafin ne kawai daban."

Na buɗe baki in ce mu ba mu ɗauki bindiga ba, ba za mu taɓa ɗauka ba. Gaskiya ce kuma, har yanzu ina ganin gaskiya ce. Amma na tuna ya gaya mini su ma a lokacin ba su ɗauka ba tukuna. Ya tare keke mai ƙafa uku ya shiga.

Bayan mako biyu na ajiye aikin tafinta. Na ce wa dattawa maƙogwaro ke damuna, suka yi mini addu'a, suka ba dikin ɗin nan aikin. Shi ba ya jim kafin ya faɗi komai. Ɗan takarar ya faɗi zaɓe, da wani zaɓen ya zo aka kawo wani, aka sa masa kujera mai hannu kusa da bagade, a gaban coci. Na taɓa tada maganar tsohon Fasto a taron dattawa, aka ce mini zamaninsa daban. Waɗanda suka ce haka sun binne mutane fiye da ni, ban iya musu da su ba. Yaran da na koyar, namu da nasu, yanzu kowa ya san wa zai zaɓa tun kafin a faɗi sunan ɗan takara.

Na ci gaba da biyawa ta Hausari na ɗan lokaci. Bai taɓa yi mini wulaƙanci ba. Ya kan miƙe ya ba ni kujera, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali da makaranta da gajiya, irin wadda ake yi wa mai kawo gyara. Malam yake ce mini. Rannan ya ce matarsa ya tafi asibiti, na ji gyaran ya zo mini har bakin leɓe, na haɗiye. Na sha shirya abin da zan faɗa masa, cewa ni ne na ƙara wa maganar zafi, ba baƙon ba. Ban san ko hakan zai rage ko zai ƙara ba, don haka ban taɓa faɗa ba.

Da damina ta zo ruwa ya shiga lasifikar, ta fara kuka. Dattawa suka ce tunda ni na san mai gyara, in kai. Na ɗauke ta a keke har shagon, na ajiye a kan teburinsa. Ya dube ta, bai taɓa ta ba.

"Malam, ba ni da kayanta."

Kayan suna rataye a ƙusa bayan kansa, ni da shi duk muna ganinsu. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, ya ce amin. Na ɗauko ta na fito. Wani yaro a unguwar Gamboru ya gyara ta a yini ɗaya, kuma ta fi da ƙara. Ranar Lahadi na zauna a bencin baya, kusa da taga, inda ake hango dogon-yaron. Mai sayar da rake ne ke tsayawa a wurin yanzu.