Biri Mai Ganga a Bayan Rigunan Ruwa

Cikin shekarun da na yi ina ejan na kaya a Guangzhou, ban taɓa mantawa da ranar da na duba rigunan ruwan mutanen Taraba ba. 'Yan makonni ne kafin gasar Olympics da aka yi a ƙasar. Aikina shi ne in karɓi oda daga gida, in kai masana'anta, in duba kaya, in sa a loda su a tashar jiragen ruwa ta Huangpu.

Odar ta fito ne daga ƙungiyar wasu ƙauyuka masu tsaron dajinsu da kansu. Shugabansu, Malam Hammadu, tsohon maharbi da ya ajiye bindiga, ya ce mini a waya suna son riguna arba'in na masu sintiri, kowace da hoton biri mai ganga a baya. Ni ɗan Fagge ne, ban san daji ba, kuma na ji kunyar tambaya. Na je unguwar Liwan na ce wa lawban, wato mai masana'antar, a zana biri da ganga. Ya tambaye ni wace iri, na zana masa kalangu. Shi kuma ya ƙara wa birin hula, ya ce kyautar Olympics ce.

Da aka gama na tura hoto. Malam Hammadu ya kira ni.

"Alhaji, wannan makaɗin ɗan wane gari ne?"

Sannan ya bayyana mini cewa dabbar ba ta da wutsiya, ta kusa girman mutum, saiwar manyan itatuwa take duka da hannu, ana jiyowa daga nesa. Na koma wurin lawban. Ban san sunanta da Sinanci ba, sai na durƙusa ina dukan ginshiƙi ina ƙara. Ma'aikata suka tafa mini. Lawban ya gane, amma ya ce "meyo", babu lokaci, jibi jirgi zai tashi. Malam Hammadu ya ce in turo haka, damina ta sauka, mutanensa suna jiƙewa.

Bayan wata uku ya sake kira. Ya ce duk ƙauyen da masu sintiri suka shiga, tsofaffin maharba waɗanda a da ba sa zuwa taro sai su tare su suna cewa ba haka birin yake ba. Cikin gardama suke faɗin inda yake kwana da itacen da yake ci. Ta haka ƙungiyar ta san wuraren da za a hana sara, har biyu daga cikin maharban suka shiga sintiri.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in oda ta zo ba ku gane ba, ku tambayi masu zama da abin. Ni sa'a na ci. Kafin ya ajiye waya ma sai da Malam Hammadu ya ce a ƙaro ashirin, kuma kada a taɓa hular.