Tsarabar da Na Ɗauko Daga Gonar Inabi

Edita, ina gaisuwa. A yau idan aka miƙo mini abin da ba na so, nakan ce a'a da Turanci kai tsaye. Shekara uku da suka wuce ba haka nake ba. A lokacin na haura sittin, ban daɗe da tarewa wurin 'yata a unguwar Highbridge a ƙasar Turawa ba, bayan na ƙarar da ƙuruciyata a fatauci: atamfa daga Lome, goro daga Kumasi, turare daga Jidda. Ina jin Faransanci da yaren Asante da Larabcin kasuwa, kuma duk a bakin rumfa na tsince su. Turanci ne ya gagare ni, don a nan ba na ciniki. Ina zaune a hawa na biyar, in yi wa jikokina Hausa su mayar mini da Turanci. Abin da ya riƙe ni shi ne mata goma sha biyu na unguwa da ke taruwa a falona duk Lahadi muna tilawa. Ni ke gyara musu karatu, suna ce mini Hajiya Babba, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana yi mini daɗi.

Da na gaji da zama kurma, sai na shiga ajin manya a laburaren unguwa. Malamarmu matashiya ce mai fara'a. Wata rana a lokacin kaka, malamar ta ce kalmar da aka gani a allo ba ta zama kamar wadda aka taɓa da hannu, don haka ranar Asabar za ta kai mu can ƙarshen Long Island, inda gonakin inabi suke gangarawa har bakin teku. Na kusa yin guɗa, domin haka na koyi sauran harsunana. Ta faɗa mana ƙarara cewa giya ake yi da inabin, wanda ba ya sha za a ba shi ruwan inabi zalla. Na ji, na kuma gane sarai. Amma da matan tilawa suka tambaye ni, sai na ce gona za mu gani a bakin ruwa, na haɗiye sauran. Kuskurena na farko ke nan.

Kai, wannan rana! Tunda na zo ƙasar nan ban san akwai fili haka a bayan benayen ba. Bas ta fita daga gari, sai ga itatuwa ja da rawaya, sai ga kurangar inabi layi-layi kamar kitson amarya. Tekun nasu ba mai faɗa ba ne irin na Lome, a kwance yake, sanyinsa na shiga ƙashi. Duk abin da idona ya sauka a kai sai in nuna, malama ta faɗi sunansa, in rubuta da ajami yadda kunnena ya ji. Ganye, saiwa, almakashin yanka, ganga, yashi, tsuntsun teku, janyewar ruwa da dawowarsa. 'Yan ajin suna ta dariya wai tsohuwa ta fi kowa gudu a gona. Ɗakin gangunan kuwa warinsa kamar ƙullun koko da ya kwana uku, daga ƙofa na rubuta sunansa na ja baya. Kafin azahar na tara kalmomi sun fi arba'in.

Mai gonar tsohuwa ce sa'ata, hannunta duk kanta irin ta manoma. Ta nuna mini yadda ake gane inabin da ya nuna, ni kuma da hannu da guntun Turancina na nuna mata yadda muke zaɓen goro. Jininmu ya haɗu nan take. Da za mu tafi, sai ta biyo ni har bakin bas da kwalba naɗe a takarda, ta danƙa mini da hannu biyu, idonta na sheƙi. Na san abin da ke ciki, wanda ya zauna a Lome ba ya jahiltar wannan kwalba. Da Faransanci ne, da na gode mata na mayar ba tare da ranta ya sosu ba. Amma na lalubi kalmomina arba'in, duk sunayen abubuwa ne, babu ko ɗaya ta ba da haƙuri. Ga shi a gidanmu mayar da kyauta sai ɗan sarki. Sai na ce na gode, na cusa ta ƙarƙashin tuffa da na saya a hanya, da niyyar in jefar a kwandon shara kafin in hau bene. Ina ta bitar kalmomi da murna har na shiga gida, na ajiye jaka bayan ƙofa, na manta.

Washegari mata suka cika falo. Aminiyata, 'yar zangon Kumasi da muka yi shekara talatin tare, ta fara tsiya wai Baturiya ta dawo daga rangadi babu tsaraba, ko an koya mini rowar Turawa ne a ajin. Ina cikin ba su labarin teku ta jawo jakar, ta raba tuffa, sannan ta warware takardar. Sai ga kwalbar giya a fili. Ta so ta rufa mini asiri da wasa, ta ce ashe har a kwalba ake sayar da Turancin, amma ba wadda ta dara. Wata 'yar Maraɗi ta rufe Alƙur'aninta, ta ce ba a ɗaki ɗaya da wannan abu za ta ɗauki karatu ba, ta fita. Na rantse, na nuna musu hatimin kwalbar ba a taɓa shi ba. Sai wata ta tambaye ni a hankali, in babu komai, me ya sa ban faɗa musu irin gonar ba tun farko. Wannan tambaya ta fi zagi ciwo. Kafin kwana biyu ƙanena ya bugo waya daga gida yana tambaya ko lafiya. Lahadin da ta biyo, mata huɗu suka zo.

'Yata ta ce in tuttular a makwarara a huta. Na ce a'a, baki ne ya yi ɓarnar, shi zai gyara. Na je wurin malama na faɗa mata komai. Ta koya mini jimla uku: cewa na ji daɗin kyautar, cewa addinina ya hana ni, cewa ina roƙon kada ta ji haushi. Sati biyu ina maimaita su ina wanke-wanke. Sannan 'yata ta ɗauke mu a mota, ni da aminiyata da 'yar Maraɗin, wadda sai da aminiyata ta ce mata ai shaida ba ya ƙin zuwa kotu kafin ta yarda. A gabansu na miƙa wa tsohuwar kwalbarta, na faɗi jimlolina ɗaya bayan ɗaya, ban yi tuntuɓe ba. Ta dafe kai, ta ce ita ya kamata ta ba ni haƙuri, ta rungume ni, ta cika mana kwando da inabi da zuma. Kafin mu bar bakin tekun, 'yar Maraɗin ce ke jan gyalena tana tambayar sunan tsuntsu da Turanci.

Ba duka suka dawo ba. Mata biyu har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da nake so 'yan uwa masu koyon harshe a baƙuwar ƙasa su ɗauka shi ne: kafin ku haddace sunan ganye da ganga, ku koyi yadda ake ƙin abu cikin mutunci. Kuma kada ku faɗa wa mutanenku rabin magana, domin rabin da kuka ɓoye shi za a ciro daga jakarku a gaban jama'a. Yanzu duk Lahadi bayan tilawa muna buɗe littafina na ajami mu yi Turanci, kuma darasin farko ga kowace sabuwa shi ne jimlolin nan uku.