Rigar da Ɗinkinta ke Waje

Ƙanwata ana ce mata Ƙwai, kuma ni na laƙaba mata sunan, ba don ƙauna ba. Tun haihuwa fatarta ba ta jure gogayya. Maɓalli ya goge ta, bororo ya tashi. A ɗaga ta ta hammata, fata ta saluɓe. Likita ya ce gado ne. Akwai ƙwayar halittar da ke manne saman fata da ƙasanta, to Umma da Baba kowa na ɗauke da guda mai rauni bai sani ba. Ni ɗaya na ɗauko, na tsira. Ita ta haɗa biyun.

Wai na tsira. Ni dai abin da na gani, an ƙwace mini uwa.

Umma tela ce. Rigunan Ƙwai da yadi mafi laushi take yin su, ɗinkin a waje don kada ya ci mata jiki. Kullum da safe awa biyu take yi a kanta, tana fasa bororo da allura, tana naɗa bandeji, har da waƙa. Ni rabona "ɗauki jakarki, kin makara". Kishi ya zo mini iya wuya.

Ina shekara tara na sa rigata baibai, na ɗora hannu a kan dutsen guga. Bororo ya tashi kuwa, ƙato. Umma ta damƙi kafaɗata ta jijjiga ni, sannan ta rungume ni tana kuka, ta matse ni har na kasa numfashi. Bandeji ɗaya na samu, washegari aka koma kan Ƙwai.

Yanzu ta haura talatin. Yatsunta sun manne ba ta riƙe almakashi, amma ita ke zaɓen yadi a shagon da Umma ta rasu ta bar mana. Ta goga shi a kumatu ta ce, "Wannan ƙaiƙayi zai yi." Mata ita suke nema, ni mai taka keken ɗinki ko oho. Har yau abin na ci mini rai.

Ran nan ina guga ta tsura wa tabon hannuna ido.

"Yaya, kin san har yau ina jin haushinki?"

"Ke? Ke da kika cinye Umma ke kaɗai?"

"Ranar da ta matse ki ina bakin ƙofa," in ji ta. "Ni ba ta taɓa yi mini ba. Gaya mini, ya abin yake?"