Rakiyar Garwar Madara daga Isa zuwa Sabon Birni

Isa, Talata. Ƙarfe biyar na asuba munka fita, ni da jakin gwamnati da garwar madara guda mai murfi. Ni ne masinjan rumfar da Turawa sunka kafa don sayen madarar Fulani, su fid da mai. Jiya malamin rumfa ya tsoma wani gilashi cikin madarar Inna Dudu, gilashi ya nutse, yac ce an zuba ruwa. Doka kuwa ta ce madarar da anka ƙi ba a maida wa mai ita, ba a zubarwa cikin gari don ƙuda. Rami za a gina, a zuba farar ƙasa, a binne ta gaban Baturen dabbobi, ya sa hannu. Bature ko yana rangadi, sai anka ba ni takarda anka ce in bi shi da garwa.

Ban kai bakin gari ba sai ga Inna Dudu biye da ni, ƙwarya bisa kai.

"Inna, ina zuwa?"

"Inda za ka, ɗan nan. Mu ba a binne muna madara. In ta shiga ƙasa hantsar saniya ta ƙafe, ni ko saniyata guda ta rage. Ka bar ni in zuba ta gulbi."

Nic ce takarda ba ta san gulbi ba. Tac ce to, ƙafarta ta san hanya.

Turba. Ƙarfe tara da rabi munka iso. Hakimi yac ce Bature ya kwana nan, ya ƙirga ƙahonnin shanu, ya yi gaba. Na sayi fura ta kwabo, babu nono, alhali ga garwa cike kan jaki. Wani ɗan doka ya tare mu, ya shinshina murfi, ya karanta takarda a kife, yac ce mu wuce.

Gangara. La'asar sakaliya. Bature ya tashi tun hantsi. Jakin nan bai iya tafiya ba sai sassarfa, garwa na ta ƙugi tun safe. Munka sauka gidan wani falke mai kai goro ƙasar Faransa ta ƙetaren iyaka, ya ba mu tuwon gero da miyar kuka. Da ya ji labari ya yi dariya har ya ƙware.

"Masinja, wane ne ya rasu?"

"Madara."

"Allah shi jiƙanta. Ga mai takaba nan ma kun taho da ita."

Inna ba ta yi dariya ba. Ko tuwon ba ta taɓa ba, wallahi sai na ji kunyar kakin da ke jikina.

Sabon Birni, Laraba. Ƙarfe goma sha ɗaya munka kai bariki, mil ashirin da wani abu in an haɗa da kewaye. Kukun Bature ya karɓi takarda, ya buɗe garwa, ya tsaya. Zafin rana ya sa madara ta yi tsami, sassarfar jaki ta kaɗe ta. Curin mai ne ke yawo a sama, ya kai kan jariri.

"Wagga ce mai ruwan?" in ji kuku. "Sati guda maigida na zagina don babu mai."

Ya kwashe, ya wanke, ya sa gishiri, ya shige. Ni kuma na gina rami bayan bariki, kamu biyu, na zazzaga farar ƙasa yadda doka ta ce. Sauran tsalar da ke cikin garwa na juye wa Inna a ƙwarya, ta gangara gulbi ko waiwaye babu.

Bature bai taso daga kujera ba. Daga baranda ya tambaya, bakinshi cike da burodi, ko an binne.

"An rufe rami, ranka shi daɗe."

Ya sa hannu, yatsanshi ya bar maiƙo a takarda. Sa'an nan yac ce in gaya wa malamin rumfa ya nemo matar da ta yi man nan, irin madararta gwamnati ke so, ba ta maha'inta masu zuba ruwa ba.

Nic ce za ni gaya mishi.

Isa, Alhamis. Munka iso da azahar, Inna bisa jakin gwamnati, ni a ƙasa. Na gode wa falken Gangara da kuku, na gode wa Allah da ya maido mu lafiya. Saniya na nan tana ba da madara. Gilashin ma na nan, an ƙara mishi akwati.