Gem ɗin Kawu da Na Ce Ya Mutu

Shekarun baya, ina sabon ma'aikaci a sakatariya a nan Dutse, na ɗauko wata ɗabi'a da 'yan gidanmu suka kasa gane kanta. Duk Asabar sai na bi wajen 'yan gwangwan ina tsintar matattun gem na hannu, wato 'yan na'urorin wasa masu cin batir ɗin nan. In kai su ɗakina a Limawa, in kwance, in leƙa ciki. Kayan aikina ba su wuce sukundireba, ƙarfen liƙa dalma, auduga da sifirit ba. A cikin biyar nakan tayar da ɗaya, sauran kuwa in ƙarasa kashe su da hannuna. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka tashi na kai Kiyawa, gidan kawuna yayan mahaifiyata, don jikokinsa. Gem ɗin jera bulo ne: bulo na faɗowa daga sama, kana juya shi kana cike layi. Kawu bai daɗe da yin ritaya daga ƙaramar hukuma ba. Ya karɓa don ya ga abin da yara ke rigima a kai, daga ranar kuma yaran ba su sake taɓa shi ba.

Bayan wasu watanni na koma gaisuwa, na tarar gem ɗin ya daina kamawa. Kawu ya ciro shi daga aljihun gaba, a naɗe cikin hankici, ya ce, "Ɗan nan, duba min abin nan. Kwana huɗu ke nan ina sauya masa batir, shiru."

Da zan tafi, matarsa, wadda muke kira Inna, ta biyo ni har zaure ta rage murya.

"Don Allah kada ka gyara. Ka ce masa ya mutu."

Na yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Ta ce tuwo sai ya huce a gabansa. Baƙi su yi sallama ya amsa kansa a sunkuye. Rannan an bar shi da awaki, suka fice ta gabansa suka shiga waken maƙwabci, sai da aka je ba da haƙuri. "Mutum da furfurarsa," in ji ta. Na ce to, Inna.

A ɗaki na kwance shi. Ba wani abu ba ne, tsohon batir ne ya yi ruwa ya cinye ƙarfen da yake zama a kai, sai wata siririyar waya da ta tsinke. Na kankare, na goge da sifirit, na ɗiga dalma. Na shafa fensir a ƙarƙashin robar madannan don sun fara tauri. Kafin a kira la'asar gem ya kama, har ya fi da. A gaskiya ban yi niyyar gyarawa ba, hannuna ne ba ya iya ganin waya a tsinke ya ƙyale.

Washegari na kira Kawu na ce, "Kawu, abin nan ya ƙone daga ciki, ba zai tashi ba." Ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Sannu da ƙoƙari."

Wajen mako uku bayan nan ya shigo Dutse tantancewar 'yan fansho, ya biyo ta wajena ya huta kafin ya nemi mota. Na shimfiɗa masa darduma na fita kawo ruwa. Tun daga bakin ƙofa na jiyo ƙarar da na sani. Gem ɗin na kan tebur da batir a ciki, domin ni da aka ba amanar kashe shi, ni nake buga shi kullum in na taso aiki.

Na tsaya da kofi a hannu. Bai ɗago ba sai da bulo ya cika gilashin.

"Ashe ya farfaɗo," in ji shi. "Madannan ma sun yi laushi."

"Kawu, ai..."

"Innarku ce ta sa ka?"

Na miƙa masa kofin. Ya karɓi ruwan ya sha, ya ce, "Tana da gaskiyarta, na san na yi yawa. Amma kai da ka ce min ba za ka gyara ba, da na gane. Ni ban san cikin abin nan ba. Abin da ka faɗa min shi na ɗauka."

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye gem ɗin inda ya ɗauka, na raka shi ya hau mota, har yana tambayata aikin ofis.

Ba a yi wata biyu ba Inna ta aiko a ce in mayar wa Kawu da abinsa. Wai yanzu ya tare a tsakar gida, yana sa ido kan yadda ake auna hatsi da yadda ake hura wuta. Na kai. Ya yi godiya, ya miƙa wa jikokinsa a gabana. Ban sake ganinsa da shi ba.

Ba mu ɓata ba. Har yau ina zuwa, muna hira, yana sa min albarka. Sai dai bara na tarar rediyonsa ba ya nan, na tambaya, aka ce yana wajen mai gyara a kasuwar Kiyawa. Na ce, "Kawu, ai da ka bari na zo." Ya ce, "A'a, kada in wahalar da kai."

Ban ja maganar ba. Yanzu abin ba ya damuna kamar da, amma na fahimci wani abu game da gyara. Wanda ya miƙo maka kayansa ba ya ganin abin da kake gani in ka buɗe, maganarka kawai yake da ita. Har yanzu ina kwance gem in na samu sarari, abokai ma suna kawo min nasu. In abu zai gyaru amma ba ni da niyya, sai in ce zai gyaru, a kai wa wani.