Kafaɗar da Tina Ta Cinye

Ɗan kawuna mai fentin mota ne, shekara talatin da ɗaya yana abu guda. Mai Feshi ake ce masa. Ni da nake taubashinsa Farfesa nake kiransa, don ya fi ni aji biyu a firamare kuma har yau bai bari na manta ba. In ya shigo layi, warin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ke yin sallama kafin shi. Na sha rantsewa ko sauro ya cije shi sai ya tashi da ja mai ƙyalli. Amma aiki kam ya iya. Kallo ɗaya zai yi wa ƙofar mota ya haɗa kala da ido, ya fesa, mai motar da kansa ya rasa inda aka buge ta.

Abin da ya gagare shi gyarawa shi ne tsakaninsa da ɗansa.

Dogo, ɗansa namiji tilo, tun yana makaranta ya kamu da son wasu mutum-mutumi na roba, masu sulke da bindiga, waɗanda ake sayarwa gutsi-gutsi a kwali, mutum ya harhaɗa da kansa ya yi musu fenti. Tsayinsu bai wuce taƙi ɗaya na hannu ba. Har ya gama karatu ya tsayar da gemu bai daina ba. Wata rana, a gaban abokansa, uban ya leƙa ɗakin ya ce, "Ina can ina shaƙar guba, ƙato yana nan yana wasan 'yartsana." Ya kai wa kantar da suke jere a kai hannu, suka zube, suka farfashe. Da Dogo ya sami aiki a wani gari mai nisa sai ya tafi. Shekara biyu ke nan. Yana kiran uwarsa, in ta miƙa wa uban wayar, "Ina wuni Baba, lafiya lau," shi ke nan.

Guda ɗaya ya tsira, don yana bakin taga ran nan. A haɗe yake amma ba fenti, toka-toka. Matarmu, wato matar Mai Feshi, kullum sai ta goge masa ƙura.

Bana tari ya kama Farfesa, likita ya ce ya rage shaƙar fenti. Zaman gida ya sa ya fara kallon bakin tagar nan. Ran wata Asabar da safe ya kira ni in raka shi gareji. Muna isa ya zaro mutum-mutumin daga aljihu, naɗe a hankici.

"Fenta shi zan yi, in tura wa Dogo hoto."

Na ce, "Farfesa, an ce akwai bidiyon yadda ake yi a waya."

"Ni za a koya wa fenti?"

Nan ya kamata in dage. Sai halina ya motsa, na ce, "Haka ne fa, wanda ya fenta tirela dubu tara, me ɗan wannan zai yi masa?"

Ya dama jan fentin mota da tina mai ƙarfi, ya tada kwamfureso, injin iska, ya ɗauki bindigar feshi ya yi masa wanka guda, kamar bambar mota. Minti ɗaya abin ya yi sheƙi har na fara tafi. Sai kafaɗar dama ta fara yamutsewa kamar fatar tsohuwa. Robar ta yi laushi, ta lotsa, hannun ya ɓalle ya faɗo kan benci. Ashe tinar da ƙarfe ke sha ya ƙoshi, roba cinye ta take yi.

Ina da zolaya uku a baki, duk suka maƙale. Ya zauna kan tsohuwar taya yana tari, hannun robar a tafinsa.

Matarmu ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta duba, ta ce, "Shi kaɗai ya rage," ta shige kicin.

Kwana uku yana gurza da sanfefa irin ta mota, yana ƙara ɓatawa. Ran na huɗu na ce, "Farfesa, mutum ɗaya ne ya san maganin wannan, kuma kai ka haife shi." Ya daɗe yana juya wayar. Da ya kira sai ya saka ta a sifika, don kwamfureso ya gama da kunnensa.

"Ina wuni Baba."

"Lafiya. Abin nan naka na bakin taga... na ɓata shi."

Na ji fanka tana juyawa a ɗakin Dogo.

"Shi ma fasa shi ka yi?"

"Fenti na so in yi masa."

Sai Dogo ya sake tambaya.

"Tina ka sa?"

"Tina na sa."

Dogo ya ja numfashi. "Ba mota ba ce, Baba. Da farko warware shi za ka yi gaɓa-gaɓa, ka wanke da ruwan sabulu, ka bari ya bushe. Fenti mai ruwa za ka nema, ba mai tina ba. Ka tsinka shi ya koma kamar madara. Shafa sirara sau uku, kowace ka jira ta bushe. Kuma kada ka taɓa shi tukuna. Ka fara gwadawa a bayan cokalin roba."

"Cokali?" Na ga jijiyar wuyan Farfesa ta tashi. Na taka masa ƙafa.

"To," ya ce. "Cokali."

Yau sati shida. Mutumin da motoci ke masa layi yana zaune a tsakar gida da tabarau da ɗan buroshi mai gashi uku, na ƙirga. Cokulan roba sun cika igiyar shanya, ja da shuɗi da wanda ya zubo da hawaye. Na farko goma Dogo ya gani a hoto ya ce, "Ya yi kauri." Farfesa ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Yanzu ƙafafu da ƙirji suna soke a kan tsinke suna bushewa, kuma ba laifi, sun yi kyau.

Kada in yi muku ƙarya, duk da sana'ata ce: ba a shirya ba. Suna waya duk Asabar, minti huɗu ko biyar, fenti kawai. Uban bai ce yi haƙuri ba. Na tura shi, ya ce kalmar tana zuwa maƙogwaro sai tari ya riga ta. Ɗan kuma bai tambayi tarin ba, alhali yana ji.

Satin jiya Farfesa ya ce, "Saura kafaɗar. Me zan cike ta da shi?"

Dogo ya ce, "Kada ka taɓa ta. Wannan ba a waya ake koyar da ita ba, sai na zo."

Bai faɗi rana ba. Uban bai tambaya ba, tsoro yake a ce masa baɗi. Ya mai da mutum-mutumin bakin taga, ja ko'ina sai kafaɗar da ta lotsa, hannun a cikin murfin kwalba kusa da shi. Yanzu shi ke goge ƙurar, ya hana matarmu.